Finjalin da Na Ajiye a Kan Tabarma

Amman, Jodan
Talata

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya gwiwar? Na san ɗan'uwana Sukardi ne zai karanta miki takardar nan idan hotonta ya shigo wayarsa. To Kardi, ka ɗaga murya, kuma ka riƙa shafa mata man nan ba sai ta yi maka tsiya ba.

Mun sauka lafiya, mu ashirin da uku, duk matan majalisin karatunmu na garinmu Kebumen. Ƙasar nan ba ruwa, Inna, tun daga filin jirgi ban ga ganyen ayaba ko ɗaya ba. Shinkafarsu wara-wara take, ba ta kama juna, ga ba yaji. Kwalbar sambal, dakakken yajin nan da kika cusa mini, ita ce ke riƙe da mu duka.

Yanzu ga abin da na ɓoye miki. Ba yawon buɗe ido kaɗai ya kawo ni ba. Hoton Yaya Tumirah yana jakata, wanda ta aiko shekarar da ta zo aikatau ƙasar nan, wanda kike mitar cewa raƙumi ya cinye rabinsa. Daga ƙarƙashin katifarki na zaro shi, ki yafe mini. Shekara goma sha tara ke nan da dillalin da ya kawo ta ya ce ta rasu, ba takarda, ba kaya, ba sunan gari. Kin hana a yi mata sadaka sai an san kabarinta. Matan bakin kasuwa kuma suna ta yaɗa cewa wani direba ta bi ta manta da uwarta. Na gaji da ganin kina sunkuyar da kai idan mun wuce su.

Na nuna wa jagoranmu Darmaji hoton. Ya ce ƙasa guda ba a nemo kabari a cikinta da hoton raƙumi, kuma tsarin tafiya ba ya canjawa don mutum ɗaya. Saura kwana biyar mu tashi, kuma ban san ta inda zan fara ba. Ki yi mini addu'a.

'Yarki,
Warsini

Wadi Rum
Alhamis

Innata,

Ina gaishe ki, ina gaida Kardi da iyalinsa. Da fatan ruwan sama bai sake shigo miki kicin ba.

Inna, tarbiyyarki ta yi mini rana yau, ta hanyar da ke kanki ba za ki zata ba.

Da la'asar aka kai mu tantin wani dattijo, Abu Mifleh, mai masaukin baƙi a cikin hamadar nan. Ni na zauna a damansa, don haka ni ya fara zuba wa gahawa, 'yar kaɗan a gindin finjali. Na karɓa, na ajiye a kan tabarma, na naɗe hannu ina jira a ce mini bismillah. Ba ke kika koya mana ba? Baƙon kirki ba ya kai kofi baki sai mai gida ya roƙe shi sau biyu ko uku.

Dattijon ya ajiye butar, ya gyara zama ya zuba mini ido. Darmaji ya rarrafo yana raɗa mini in sha, in sha don Allah. Ashe a mota ya yi bayani ina barci. A wurin mutanen nan, wanda ya ajiye finjali bai sha ba, da babbar buƙata ya zo, irin neman aure ko sulhun jini, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ɗauki alkawari. Sulastri, 'yar ayarinmu, ta zungure ni ta ce ko dai tsohon nake so, in faɗa a ɗaura aure tun muna nan. Kunya kamar in nutse.

Darmaji ya fara ba shi haƙuri da Larabci, wai kuskure ne. Na riƙe hannun rigarsa na ce ba kuskure ba ne, ya fassara abin da zan faɗa, in ya rage kalma ɗaya sai duk Kebumen ta ji. Na fito da hoton na ajiye kusa da finjalin, na faɗi komai.

Abu Mifleh ya daɗe yana duban hoton, kuma ba Yaya yake kallo ba, raƙumin nan naki yake kallo. Akwai tambarin wuta a wuyansa, kowane dangi da nasu, shi kuwa ya san na su wane ne. Ya ɗago ya ce, “Sha gahawarki, 'yar'uwa. Abin da kika zo nema kin samu.”

Ya zubar da wadda ta huce ya zuba mini sabuwa. Ɗaci gare ta, amma ban taɓa shan abu mai daɗinta ba. Tun ɗazu yake buga waya. Gobe ayari za su tafi Petra, ni kuma zan bi shi da matarsa zuwa ƙauyen masu tambarin, Darmaji a bayan mota yana kumbure-kumbure.

Taki,
Warsini

Ma'an
Asabar

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Kardi, ka zaunar da ita kafin ka ci gaba.

Na same ta.

Ƙauyen yana gabas da nan, tafiyar awa biyu cikin duwatsu. Wata mata mai suna Fidda ta fito, tana ganin fuskata ta fashe da kuka, ta ce hancina da na Yaya ɗaya. Mahaifiyarta ce Yaya ta yi wa jinya shekara uku. Ciwon ƙirji ne ya kama Yaya a lokacin sanyi, kwana tara ta yi, a hannun Fidda ta cika da salati a bakinta. Sun ce sun ba dillali kayanta da wasiƙa domin ya kawo miki. Tsohuwar ta biyo ta bayan wata biyu, kuma ta bar wasiyya a binne ta kusa da Tumirah. Haka na gan su gefe da gefe, a tsakiyar kaburburan dangi.

Na yayyafa ruwa, na watsa busasshen furen melati mai ƙamshin nan da na tsinko a bayan ɗakinki, na yi mata addu'a da sunanki. Na yi kuka, Inna, amma ba irin na da ba.

Da aka kawo abinci sai ga shinkafa mai kama juna, irin tamu. Fidda ta ce tun da Tumirah ta koya musu, 'ya'yanta ba sa cin wata. Ta kuma ba ni hijabin sallar Yaya da ta ajiye, ga ɗinkinki na shuɗin zare a gefensa. Yana kan cinyata yanzu.

Kardi, ka nemo akuya, ranar Juma'a za a yi sadaka. Ka fara gayyatar matan bakin kasuwa, ka shimfiɗa musu tabarma a sahun gaba. Ke kuma Inna, ki sa a ajiye musu shayi, amma kada ki ce musu bismillah. Su zauna da shi a gabansu har sai na gama ba su labarin Tumirah tun daga farko.

Sai na iso.

'Yarki mai ƙaunarki,
Warsini