Hoton Baba Mai Ido Ɗaya

Addis Ababa, farkon damina

Yaya Tiruwork,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya maigida da yara? Ya ƙafar Inna? Tarin Baba ya lafa kuwa? Ni lafiya lau, godiya ga Allah.

Kin ce in faɗa miki tsakani da Allah ko ina ci ina ƙoshi tun da na ajiye aikin gwajin jini na koma zane. Ina ci, Yaya. Gurasar injera da miyar shiro ne safe da yamma, amma ban rame ba, ki daina aiko mini da man shanu a ɓoye. Na kama ɗaki a unguwar Piyasa, rabi wurin kwana rabi wurin aiki, masu gidajen gahawa kuma sun fara sayen zanena.

Damuwata ɗaya ce, Baba. Tun ranar da na gaya masa na bar asibiti bai ƙara duba na ba. In na durƙusa gaishe shi, sai ya juya wajen taga ya amsa.

Na zana hotonsa, na ba direban motar Debre Markos ya kawo miki. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Ki miƙa masa ranar bikin Mala'ika Mika'ilu a gaban baƙinsa, ko ya sa wa sana'ar nan albarka.

Ƙaninki,
Yibeltal

*

Addis Ababa, tsakiyar damina

Yaya Tiruwork,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Ya jikin Baba?

A tsaye na karanta wasiƙarki, na kasa zama. Kin ce da aka buɗe hoton, limamin cocinmu ya sunkuyar da kai, Baba kuma ya ce, "Ashe ɗana ya sa ni a layin su Yahuza maci amanar Almasihu. To madalla. A mayar masa da kayansa."

Allah ne shaidata ban nufi haka ba. A bangon cocinmu na fara son zane. Tun ina goye na san tsarkaka da mutanen kirki fuskarsu gaba take da ido biyu, miyagu kaɗai ake yi ta gefe da ido ɗaya. Amma na daɗe cikin masu zanen birni, inda ba ruwan kowa da wannan, sai na zana Baba ta gefe, yadda na saba ganinsa, yana kallon taga, haske a gemunsa. Wauta ce tsantsa, kuma tana ci mini rai.

Ki gaya masa ina nan tafe da zarar azumin cocinmu ya ƙare, da fenti da sabon ƙyalle. Ya daure ya zauna mini, ko da na shan gahawa ɗaya ne, in gyara.

Ƙaninki,
Yibeltal

*

Addis Ababa, ƙarshen damina

Yaya Tiruwork,

Ya haƙuri? Ya Inna, tana ɗan cin abinci kuwa? Allah ya ba Baba hutawa, mu kuma ya ba mu dangana.

Da ban tsaya jiran ƙarshen azumi ba da na same shi da rai. Wannan yana nan a zuciyata, ba na jin zai fita.

Ba kya kusa lokacin da Inna ta kama hannuna a rumfar makoki. Cewa ta yi, "Kai ne mai zane. Ranar arba'in ina son hoton mijina a ɗakina, da idonsa biyu." Ba wanda ya taɓa kira na da sana'ata a gidanmu sai ranar.

Tun da na dawo nake kan hoton. Goshi ya fito, hanci da gemu sun fito, har tabon raunin da bijimi ya ji masa a kunci. Ina zuwa idanu sai hannuna ya tsaya. Hoton katin shaidarsa ya dushe, ɗigo biyu ne kawai suka rage. Na rufe ido na lalubo iya ƙoƙarina, na kasa tuna yadda Baba yake in yana kallona.

Kowa ya san ke kika ɗauko idanunsa. Don Allah ki bar wa ƙanwar mijinki yaran, ki hau mota ki zo. Ba zan gajiyar da ke ba. Ki zauna kawai ki dube ni, ko da da fushi ne.

Ki gaida Inna. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Yibeltal