Duwatsunki da ruwan alwala

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya Maraɗi, ya ƙafar Baba? Ya maigida da yara? Mu nan Adjamé lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Yaya, maganar tsirran nan naki ce masu kama da duwatsu, da kika bar mini a bakin taga. Kin san ba na zubar da ragowar ruwan alwala, sai na riƙa juye musu bayan kowace salla. Suka yi ɓul-ɓul, har ina murna. Shekaranjiya na taɓa ɗaya, yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓen tumatir. Biyu sun mutu.

Na ɗauki tukunyarsu na kai ta unguwar Treichville, wurin mai sayar da furanni. Ya ce, "Hajiya, ruwa ne ya kashe su. Sai sun yamutse ake ba su, kaɗan. Wannan da ya tsage kuwa, sabon ganye ne ke shanye tsohon. Ko ɗigo kar ki ba shi sai tsohon ya bushe."

Ni dai kaina ya ɗaure. Abu mai rai, a ce tausayinsa shi ne a hana shi ruwa? Kuma ta yaya zan bambance yamutsewar ƙishi da ta mutuwa?

Ki gaida Inna, ku sa mu a addu'a. Ki amsa da wuri, don yanzu da buta a hannu nake wuce su, ina kau da kai kamar marar imani.

Ƙanwarki,
Zuwaira