Masarata ta yi kore, tasu ta yi ɗorawa

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana. 'Yata ke rubuta min, ni ban taɓa shiga aji ba. Wanda ya zo zagi ya wuce, ban kai shekarun nan don yaran waya su yi min wa'azi ba.

Ungozoma ce ni a wani ƙauye kusa da Dayi. Rabin garin nan ni na yanke musu cibiya, in na yi magana mata ba sa musu. Shi ya sa a zaɓen da ya wuce wani Alhaji ɗan takara ya tako har zaurena, yana "Inna, Inna" kamar ni na haife shi. Ya ce in tara masa mata, kowacce za ta samu taki. Na bi gida gida, suka fito cikin rana suka dangwala masa. Da damina ta faɗi, wakilinsa ya zo da takarda mai sunayensu, ya ce in dangwala a madadinsu cewa sun karɓa. Na ce ina takin? Ya ce, "Naki buhu biyu suna mota, Inna. Sauran sai a hankali." Ban iya karatu ba, amma wallahi na san abin da nake dangwalawa. Sauran a kasuwar Funtuwa suka ƙare.

To gona ba ta rufa asiri. Masarata ta yi kore shar, ta Tabawa, aminiyata da muke iyaka, ta yi ɗorawa ko ƙugu ba ta kai ba. Ta ce, "Yaya, me kika zuba?" Na ce kashin shanu. Ta ce, "Shanun nan a turo su wajena." Muka yi dariya. Ƙarshe akuyarta ta sayar ta ci da marayun ɗanta, shi kuwa Alhaji ya ɗora bene.

Yanzu zaɓe ya zagayo, marar kunyar ya sake aiko wakili, wai in ƙara tara masa mata. Matan garin sun rantse ba su ƙara bin layi, wai ƙuri'a gonar masu kuɗi ce. Ƙarya suka yi? Jiya Tabawa ta ce min, "Duk ɓarayi ne, Yaya. Ke kaɗai ce in kin ce mu fita, zan fita."

In na faɗa mata gaskiya, wa ya rage ta yarda da shi? In na yi shiru, da wane ido zan tashi gaban Allah? Me zan yi?