Taku Goma Sha Ɗaya Tsakanin Juji da Rijiya

Banikanni, Parakou
9 ga Mayu, 1981

Zuwa ga Yaya Iliassou, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Hadjo da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a cinikin goro. Mu nan Parakou mun gode Allah. Baban Rakia yana nan a kan kekensa na ɗinki, ita kuma Rakia ta fara haƙora, ta hana kowa sakat. Makon jiya na dawo daga Djougou, kwana goma sha biyu na yi wajen Inna, kuma tun da na dawo abinci ba ya yi mini daɗi. Dalilin takardar ke nan, ka yi haƙuri da tsawonta.

Ka tuna kududdufin bayan gidanmu, wanda ka taɓa faɗawa ciki kana bin zabuwa har Baba ya zane ka? Yanzu ba za ka gane shi ba. Tun da aka fara aikin tsabtar ranar Asabar, wanda kowane kamarad, kamar yadda hukuma ke kiran ɗan ƙasa yanzu, zai fito da tsintsiya, duk sharar unguwa can ake juye ta, har da ta kasuwa da ta mahauta. Titi ya yi fes, mu kuma an kawo mana juji har gindin katanga. Ƙudaje ba a magana, in aka ajiye tuwo sai an tsaya a kansa da faifai. Ranar da aka cinna wa sharar wuta, Inna takan yi tari har sai ta dafa bango. Na yi wa delege magana, wato mai unguwar yanzu, ya ce in iya bakina, wai mai sukar aikin Asabar juyin juya hali yake suka. Na ja bakina na yi shiru, ka san yadda zamanin yake.

Amma ba warin ne ya fi tayar mini da hankali ba, rijiyar Baba ce. Hamsatou, 'yarka da ka bar wa Inna riƙo, sau uku ke nan zawo yana kwantar da ita tun bayan babbar salla. Ta rame, idanunta sun faɗa. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya, yanzu sai ka gan ta a tabarma tana kallon kaji. Na kai ta asibiti, ma'aikacin ya tambaye ni inda muke ɗibar ruwa, washegari ya biyo ni gida da kansa. Ya auna da ƙafa daga bakin juji zuwa bakin rijiya, taku goma sha ɗaya. Ya zaga gida bakwai da ke jan ruwa wurinmu, biyar akwai mai ciwon ciki. Ya zaga na masu zuwa famfon kasuwa, ɗaya tak ya samu. Ya ce ruwan sama yana ratsa sharar, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya sauka a rijiya. Inna ta saurare shi tsaf, ta ba shi goro, da ya fita ta ce ina ya taɓa shiga ƙarƙashin ƙasa har ya ga ruwa yana tafiya.

Gaskiya ni ma da sauran kokwanto a raina, sai Allah ya nuna mana ƙarara. Chaibou marini ya kwashe tsohon ruwan shuninsa ya zubar a jujin, kamar yadda kowa ke zubar da nasa. Bayan kwana biyu aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Ranar Alhamis na jawo guga na juye a farar tasa, sai ga ruwa da shuɗi-shuɗi. Yaya, nan take na kai wa Inna tasar. In shuni ya sami hanya, me zai hana jinin mahauta da kashin yara?

Inna ta gani da idonta. Ba ta musa ba, kuka ta yi. Ta ce rijiyar nan sadaka Baba ya haƙa ta shekarar da ya dawo daga Gwanja, ya bar wasiyya kada a hana kowa ɗiba, kuma duk gugan da aka ja lada ne yake isa kabarinsa. Ita ba za ta zama wadda ta yanke wa mijinta lada ba. Na je wurin liman, ya ce in aka haƙa wata a kan tudu wajen masallaci da niyyar Baba, ladan bai yanke ba. Na kawo mata wannan da murnata, ta ce maganar ba tawa ba ce, ta wancan na Kumasi ce. Ka san ba ta kama sunanka, kunyar ɗan fari. Ta ce in ya ce a rufe, a rufe. Na roƙe ta ta bar ni in taho da Hamsatou, ta ce amanar da aka damƙa mata ba ta miƙa wa wani. Abin da na samu kawai, ta yarda a riƙa tafasa na yarinyar. To ka san Inna da tattalin itace, ina tsoron tun ranar da na juyo an daina.

Ga damina ta kama, kowane ruwa da aka yi ƙara kai ƙazantar jujin rijiya yake yi. Don Allah ka rubuto da ajami, da hannunka, domin ta san rubutunka ko da ba ta karantawa, liman zai karanta mata. Ka ce a rufe rijiyar a haƙa wata, ko aƙalla a ba ni Hamsatou. Talle direban motar goro shi zai kawo maka wannan, kada ka bari ya juyo ba amsa.

Ka gaishe mini da Yaya Hadjo, da Habou, da Fatchima ƙarama, da Kawu Awalu in kun haɗu a kasuwa. Baban Rakia yana gaishe ka ƙwarai. Inna ma tana gaishe ka, kuma kamar kowace shekara ta ɗura maka ruwan rijiyar a kwalba, wai ka sha albarkar gida ka ba yara. Ta hannuna ta aiko. Na yi niyyar zubar da shi in ɗura na famfo, sai na fasa. Kwalbar tana cikin ƙunshin da Talle zai ba ka. Kada ka sha, kada ka ba yara. Ka ɗaga ta a rana ka duba, irinsa ne a randar da Hamsatou take sha.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Mariatou