Ginshiƙan Tankin Kawu Sun Fara Ciki

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin abin da zuciyata ke raya min ni kaina ya fara ba ni tsoro.

Ni injiniyan gini ne, haifaffen Gyadi-Gyadi. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ban daɗe da gama karatu ba, sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya samu aikin kafa dandamalin walimar wani da ya ci kansila. Ya ce in zana masa. Ba a samu katako mai kauri ba, sai na ce a haɗa falle uku-uku su zama ginshiƙi ɗaya, a shafa gam tsakaninsu, a ɗaure da noti daga ƙasa har sama, sannan a gitta tokara a tsakiya. Na yi masa bayani har bakina ya bushe, cewa dogon ginshiƙi ba karyewa yake fara yi ba, ciki yake yi ta gefe, kuma fallen da ba a manne ba kowanne zamewa yake ya lanƙwashe shi kaɗai. Ya ce ya ji. Ashe ƙusa kawai ya sa aka buga sama da ƙasa, tokarar kuma da safiyar ranar ya sa aka cire, wai manyan baƙi ba za su sunkuya da babbar riga su bi ta ƙarƙashin itace ba.

Ana tsakiyar kiɗa, jama'a sun cika saman, ginshiƙan suka lanƙwashe. Ƙanwata Binta na ƙasa tana zuba wa baƙi abinci. Lokacin tana karatun nas, saura kaɗan ta gama. Ƙugunta ya karye, karatun ya tafi, har yau da sanda take tafiya.

Kafin mu dawo daga asibiti Kawu ya gama zagaye unguwa da cewa zanen ɗan boko ne ya jawo, shi abin da na ba shi ya bi. Na tashi zan tona, mahaifiyata ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce kar in kunyata mata ɗan'uwa tana raye. Na haɗiye. Na yi shekaru ko akurkin kaji babu mai ba ni in kafa a Tarauni. Mahaifiyata ta rasu, shi kuwa bai taɓa neman gafarar Binta ba, kuma duk inda muka haɗu sai ya ce, “Injiniya, ya aikin rusau?” yana dariya. Wallahi na tsane shi, ba zan ɓoye muku ba.

To kwanan nan na je suna gidansa a Daurawa. Ina shiga tsakar gida na ga ya ɗora ƙaton tankin ruwa a kan ginshiƙan katako, falle uku-uku, ƙusa sama da ƙasa, ba noti, ba tokara. Halin dai bai canja ba. Biyu daga ciki sun riga sun yi ciki, har tazara ta buɗe tsakanin fallen, yatsana ya shige. Motarsa a gindin take kwana, shi ma nan yake shimfiɗa darduma da la'asar saboda inuwa. Na tsaya ina kallo, na ji wani sanyi a raina, na ci tuwona na fita ban gargaɗe shi ba. Tun daga ranar har hanya nake canjawa in bi ta layin, in ga ko ya faɗo.

Na gaya wa Binta ina zaton za ta ji daɗi. Sai ta ce, “Yaya, ranar da tawa ta faru, ai ba shi ne a ƙasan ba.” Sai na tuna jikokinsa a nan suke tarar ruwa in tankin ya yi ambaliya.

Yanzu abin da na ƙudurta shi ne in je in same shi, in ce zan gyara masa da hannuna, amma sai ya tara dangi ya faɗi da bakinsa wanda ya cire tokarar nan. Sai dai na san Kawu, zai gwammace tankin ya danne shi da ya amsa laifi, kuma duk abin da ya fito daga bakina ƙaryata shi zai yi. Ga damina ta kawo kai, katako in ya sha ruwa ƙarfinsa raguwa yake.

Don Allah ku faɗa min gaskiya. In je in gyara masa ba sharaɗi, ya ci bulus karo na biyu? Ko in tsaya a kan sharaɗina, alhali ban san ɗan wa zai kasance a ƙasa ba ranar da zai faɗo?