Gumbar Yaya Ladi da Kilo Casa'in da Biyar

Yantala, Yamai
3 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Yaya Ladi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Mumuni da yara da duk mutanen gida. Yaya Damagaram, yaya aikin kaka? Na ji an ce gero ya yi kyau ta wajenku bana, Allah ya sa albarka. Yaya kafaɗar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan Yamai lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Halidu yana nan yana fama da aikin buro, wato ofis, 'yarmu Farida kuma ta shiga ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, karatu ya sa ko shara ba ta iya yi mana, in ji ta. Ni ma mun koma koyarwa a lakkwal, makarantarmu ta boko, tun watan jiya, yara saba'in da biyu aka ba ni bana a unguwar Harobanda, kullum da dusasshiyar murya nake dawowa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannunmu. Dalili shi ne ke ba a kai ƙarshen magana da ke a waya. Kafin in ce biyu kin ce goma, kin yi mini addu'a, kin kashe. Wannan magana kuwa ina so ki ji ta daga farko har ƙarshe, don ta daɗe tana cina.

Kin tuna bayan ƙaramar Salla na gaya miki likita Abdulaye ya ce sugana ya hau. Abin da ban gaya miki ba shi ne wa'adin da ya ba ni. Na hau sikeli a gabansa, kilo ɗari da huɗu. Ya ce wata shida ya ba ni in sauko zuwa casa'in, sugan ma ya sauka, in ba haka ba zai ɗora ni a kan allura, safe da yamma, ƙila har iyakar rayuwa. Yaya, ni da ke mun ga shekara goma sha ɗaya da Inna ta yi tana shan allurar nan, har aka rasa inda za a soka a cinyarta. Ga shi maganin sai an ajiye shi cikin firigo, mu kuwa wutarmu ta nan ba ta da alkawari. Tun a buronsa na rantse wa kaina ba zan kai can ba. Ya rubuta mini rejim, ya ce in bar duk abin da aka yi da gero ko masara ko shinkafa ko fulawa, in bar sukari da zuma. Na ce masa to ai ya gama lissafa abincin duniya, sai ya yi dariya ya ce akwai ganye da nama da kifi da ƙwai.

Haka na kama. Ni Kadi, wadda Inna ke cewa in ba a rufe tukunyar tuwo ba sai na ga ƙarshenta, ni ce yau nake shan miyar kuka da cokali tsurarta kamar mai jinya. Da safe ƙwai biyu da shayi ba sukari. Da rana kopto, wato kwaɗon zogalen Zabarmawa, shi ma na hana a zuba mini garin rogo. Da yamma kifi, wanda Halidu ke sayowa daga masunta a Tondibia duk Asabar. Babbar Salla ce kaɗai ta yi mini adalci, don da aka jera raguna a bakin wuta a ƙofar gida, ranar dai na ci na ƙoshi kamar kowa. Na kuma fara sauka daga taksi a bakin gada in taka da ƙafa har lakkwal, rana tana dukana, ɗalibaina suna wuce ni a kan babur suna ɗaga mini hannu. Kuma wallahi abin ya yi aiki. Kafin ƙarshen watan Yuli na sauko casa'in da biyar. Kilo tara, Yaya! Tela Salisu sai da ya rage mini riguna huɗu.

Daga nan sikeli ya ƙi motsi. Satin farko na ce ba komai. Sati na biyu, casa'in da biyar. Na uku, casa'in da biyar. Na ce sikelin gida ne ya lalace, na tafi farmasi na hau nasu, casa'in da biyar. Na tsaya wajen mai sikelin nan na bakin kasuwa, na tuɓe takalmi, na ajiye jaka, har mayafi na sauke a kafaɗa, mutumin ya duba ya faɗa da ƙarfi kamar mai shela, casa'in da biyar. Na rage ƙwai ya koma ɗaya. Na bar gyaɗa, na bar madara. Na ƙara tafiyar har gwiwata ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wata biyu da rabi ina nan wuri ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Halidu. Mutumin nan bai bar komai ba. A gabana yake zama da malmalar tuwo biyu, ya ƙara da ta uku, ya kora da fura. Kifin da yake ɗan tsakura daga kwanona ne kawai sabo a cikinsa. Ranar nan don tsokana ya hau sikelina, sai ga shi ya rage kilo uku. Har yana tambayata wai ko ina da shawarar da zan ba shi don kada ya rame. Na kwana biyu ban yi masa magana ba. Ga kuma maƙwabciyarmu Yelwa, Bazabarma ce mai kirki amma ba ta da birki a baki. Ta tare ni a ƙofar gida ta ce a garinsu mace in ta fara zubewa haka, dangi ne ke zuwa su tambayi miji laifin da aka yi masa. Tun ranar kullum sai ta aiko da kwanon dambu, ni kuma ba na iya mayar mata da shi. Halidu ne ke cinyewa, kuma duk da haka ramewa yake.

Da wa'adin ya cika a watan jiya na koma wurin likita jikina a sanyaye. Sugan ya ɗan sauka amma bai kai inda yake so ba. Tun kafin nan ya sa na riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina a cikin kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na miƙa masa. Ya karanta shafi bayan shafi, ya ɗago ya dube ni irin kallon da nake yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye aikinsa na gida. Ya ce jiki yakan tsaya haka na 'yan makonni, wannan ba abin tsoro ba ne, amma mai cin abin da ke cikin kayen nan bai kamata ya yi wata biyu da rabi a tsaye ba. Na rantse masa da Allah ban ɓoye ko ƙwayar shinkafa ba. Hawaye har ya cika mini ido don takaici, ga yunwa na sha, ga shi ana yi mini kallon maƙaryaciya. Sai ya ce to in nuna masa magungunan da nake sha. Na buɗe jaka na fito da ƙwayoyinsa, sannan na fito da ledar gumbarki.

E, Yaya, gumbar maganin sanyi. Wadda kika fara aiko mini a farkon watan Agusta, da na yi miki kukan gwiwa a waya. Kin ce curi ɗaya da safe kafin in ci komai, ɗaya da yamma, kada in yi fashi ko na rana ɗaya, kuma ban yi ba. Ya tambaye ni mece ce wannan, na ce magani ne daga gida. Ya ce me aka sa a ciki. Na fara lissafa masa da alfahari, na ce gero ne sabon surfe, da dabino, da aya, da zuma ta gaske ba ta kasuwa ba, da citta da kanumfari, sannan da saiwar da ke ce kaɗai kika san inda ake samo ta. Ina cikin lissafin na ji muryata tana raguwa da kanta. Ya gutsuri kaɗan ya sa a baki, ya lumshe ido, ya ce rabonsa da abu mai daɗi haka tun bikin ƙanwarsa. Sannan ya ce curi biyun nan sun fi tuwon da na bari, nesa ba kusa ba.

Na yi gardama fa, kada ki ce ban kare ki ba. Na ce masa ai wannan magani ne, ba abinci ba, shi kuma abinci ya ce in rubuta. A gidanmu ba a taɓa kiran gumbar magani abinci ba, ba a zuba ta a kwano, ba a yi wa baƙo tayinta, da bisimilla da niyyar waraka ake cinta. Ya ce ya yarda, tasa uwar ma haka take yi, amma jinina bai san da wannan bambanci ba. Ya kira ma'aikaciyar da ke taimaka masa ya nuna mata, ita ma ta gutsura. Ni malamar lakkwal, mai koya wa yara lissafi, na zauna ana dariyata a hankali cikin ladabi. Na guje wa burodi kamar wuta, na yi fushi da mijina, na zargi sikeli uku, alhali kullum da hannuna nake cin gero da zuma sau biyu ina cewa Allah ya sa a dace.

Ya ƙara mini wa'adi zuwa ƙarshen Disamba, ya ce daga nan babu ƙari. Yau sati biyu ke nan da na ajiye gumbar, sikeli ya nuna casa'in da huɗu da 'yan kai. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya motsa, kuma da na gani sai da na zauna a bakin gado na yi hamdala. Ya ce in daina hawa kullum, sau ɗaya a sati ya isa, in mayar da ƙwan da na rage, in riƙa auna ƙugu da igiyar tela. Gwiwar kuwa ya ce nauyin ne, in ya sauka za ta huta.

To ga inda maganar take. Ran Alhamis aka kira ni daga tashar mota, wai ina da saƙo. Na san ko mene ne tun kafin in je. Na ɗauko, na ce Yelwa zan ba, ta raba wa jikokinta. Na buɗe ledar a kicin don in zuba mata a kwano, ƙamshin cittar ya buge ni, sai na ga shatin yatsunki a jikin kowane curi. Na tuna da wannan kafaɗar kika yi dakan. Yaya, ina tsaye, ina sane da duk abin da likita ya faɗa, na cinye ɗaya da rabi. Bayan nan na ji haushin kaina, na ji haushinki, na ji haushin geron ma.

Ki gaida Malam Mumuni da kyau, ki ce ina yi masa barka da kaka. Ki gaida Nasiru da amaryarsa, da Hauwa da 'yan biyunta, da Gwaggo Fatuma in kin leƙa Birni. Halidu yana gaishe ku, Farida ma ta ce a gaida Babbar Mama.

Na san za ki ce Yamai ta ɓata ni, na fifita maganar likita a kan ta gida. Ki faɗa, ki yi fushin sati ɗaya, zan jure. Amma don Allah, don darajar Inna, kada ki sake aiko mini da gumbar nan. Na iya kallon tuwon Halidu in kau da kai, na iya kallon kwanon Yelwa. Abin da ya fito daga hannunki ne ban iya ba. In kin aiko zan ci, in na ci kuma allura ce.

Taki ƙanwa mai ƙaunarki,
Kadi