Shagon Gwaji

Litinin, 5 ga Mayu 2025, Madawa

Yau a taron ƙungiyar masu saƙa Hajiya Dije, shugabarmu, ta ce shagonmu na intanet ya tsufa. A gaban kowa ta faɗa, tana firfita da faifai. Shekara biyar ina riƙe da shagon nan. Ni na ɗauki hoton kowace tabarma, ni na rubuta sunan kowace masaƙiya daga Sabon Gida har Tamaske, ni ke amsa masu saye ko ina kwance da zazzaɓi. Ba wadda ta tuna.

Ɗanta Shafi'i ya dawo daga karatu a Yamai da sabon fasali na shago, shi yana ce masa "tem". Launi sabo, hotuna manya, komai na zamewa da yatsa. Wai a sa shi kafin Layya. Ya nuna musu a wayarsa, suka yi ta leƙe. Har Tabawa, wadda ni na koya wa kunna waya, ta ce nawa kamar allon lakwal yake, irin na makarantar boko.

Na tashi. Na ɗauki takalmina.

Laraba, 7 ga Mayu

Shafi'i ya zo biro, ofishin ƙungiya, neman kalmar sirrin shagon. Da ladabi, in faɗi gaskiya, "Yaya Zuhura" a kowace magana, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce minti goma ya ishe shi ya canza komai.

Na ce ba a kan shagon da mutane ke saye ba. Za mu yi kwafinsa, shago na biyu ɓoyayye wanda babu mai gani sai mu, a can zai ɗora fasalinsa mu gwada. In ya fashe, ya fashe a ɓoye. Kafin nan kuma zan kwashe komai na tsohon in ajiye a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, don in abin ya lalace mu koma inda muke.

Ya yi 'yar dariya, ya ce a Yamai ba a ɓata lokaci haka. Na ce nan ba Yamai ba ne.

Alhamis, 8 ga Mayu

Hajiya ta kira ni a waya. Wai kar in tsaya wa yaro a hanya, ba gadon ubana ba ne shagon. Gaskiya ta faɗa, ba nawa ba ne. Amma ta yarda da gwajin, sati biyu, bayan na ce mata rabin abin da matan Karofane ke samu a shekara a watan Layya yake shigowa.

Wuta ta ɗauke tun azahar. Zafi kamar a yi kuka.

Asabar, 10 ga Mayu

An yi kwafin. Ya ɗora fasalinsa.

Yana da kyau. A nan kawai zan rubuta.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na zauna na jera abin da za a gwada a bayan wata tsohuwar takarda: ko hotuna na buɗewa in rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni, ko sunan masaƙiya na fitowa a ƙarƙashin kayanta, ko saƙon komand, wato odar mai saye, na isowa gare ni, ko rubutun Hausa da na Faransanci duk suna nan. Da wayoyi iri-iri, ba irin tasa mai faɗin faranti kaɗai ba.

Na farko da na duba, sunayen matan sun ɓace gaba ɗaya. Tabarma kawai da farashi, kamar daga sama ta faɗo. Na ji daɗi har na ji kunyar jin daɗin. Na aika masa hoto ba tare da ko kalma ɗaya ba. Kafin la'asar ya gyara, ya kuma ce na gode.

Talata, 13 ga Mayu

Karofane. Mun tafi karɓo tabarmi ni da shi a motar kasuwa ta Buza, muka gwada shagon ɓoye a can, a tsakar gidan Hamdiya masaƙiya inda sai ka ɗaga waya sama kake samun rezo. Hoton farko nasa bai buɗe ba har Hamdiya ta gama dama mana fura. Tsohon nawa, mai kama da allon lakwal, nan take ya buɗe.

Na so a ce Tabawa na wurin.

A hanyar dawowa ya yi ta rubutu a waya. Da muka iso ya ce zai rage nauyin hotunan, bai taɓa tunanin haka rezo yake a ƙauye ba. An haife shi nan fa.

Laraba, 14 ga Mayu

Na samo wani abu babba.

Na ari tsohuwar wayar innata, ƙaramar nan mai tsagaggen gilashi, na shiga shagon gwaji. Komai na fitowa, amma maɓallin saye ya shige ƙarƙashin hoton. Ka danna sau goma, ba abin da zai faru. Na gwada da ta maƙwabciyarmu, irinta ce, haka nan. Kuma irin waɗannan wayoyin ne a hannun yawancin masu sayenmu na garuruwan Tawa da Ƙonni.

Bai gani ba, kuma ba zai gani ba, don wayarsa babba ce.

Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ban faɗa ba har yanzu.

Na yi ta lissafa yadda za ta kasance: a sa fasalin, kwana uku ba komand ko ɗaya, Hajiya ta kira ni, muryarta ta yi laushi, "ɗiyata, zo ki duba mana." In ɗauko kile in mayar da nawa a gaban Tabawa. Na maimaita wannan a raina har ina wanke-wanke.

Kwana uku kawai. Ba wanda zai mutu.

Asabar, 17 ga Mayu

Tamaske, ni kaɗai. Inna Cima ta gama manyan tabarmi shida na Layya, masu jan baki. Idonta ya fara ba ta wuya, da lalube take kama kabar yanzu, amma saƙar ba ta karkace ba ko kaɗan. Ta ce wataƙila na bana ne na ƙarshe. Ta riƙe hannuna ta ce in sa su a gaba-gaba inda za a gani.

Ta sake kawo maganar ɗanta Jika da ke Abijan, wai shi da abokansa 'yan Adar sun so saye tun bara amma shagon na ƙin su. Sau uku ke nan tana faɗa mini. Na ba ta amsar da na saba, cewa bai iya ba ne, ya nemi wanda zai nuna masa.

A mota na yi ta tunanin kwana ukun nan. Da tabarmi shida. Na ce a raina ai za su sayu daga baya.

Litinin, 19 ga Mayu

Ba na son rubuta wannan, amma in ban rubuta ba zai zauna mini a wuya.

Shafi'i ya zo biro da hantsi, ya jira Tabawa ta fita, ya ja ƙofa. Ya ce yana gwada takardar komand a shagon ɓoye, wadda ya kwafo daga tsohon ba tare da ya taɓa ta ba, sai ya sa lambar wani abokinsa na Abijan. Ta ƙi karɓa. Ya sa ta Legas, ta ƙi. Gurbin lambar waya lamba takwas kawai yake ɗauka, irin tamu ta Nijar. Duk mai lambar da ta fi haka, sai ta ce masa ya yi kuskure.

Ni na tsara gurbin nan da hannuna, shekara biyar da suka wuce. Na ma yi alfahari da shi, don yana hana mutane rubuta shirme.

Shekara biyar. Rabin mazan Adar suna Abijan da Legas da ƙasashen bayan Agadas, su ne masu son tabarmar gida, kuma ni na rufe musu ƙofa. Jika ya iya waya. Sau uku na mayar da tsohuwar nan da maganar banza.

Ya ce, "Na gyara a na gwaji, Yaya. Ba sai an kai maganar taro ba, mu ce sabon ne ya zo da shi."

Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Na ce to. Ya fita. Na zauna ina kallon bango har aka kira azahar.

Talata, 20 ga Mayu

Ban je biro ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 21 ga Mayu

Na kai wa Shafi'i wayar innata. Na ajiye a gabansa na ce ya sayi tabarma. Ya danna, ya danna, ya sake dannawa. Na ga lokacin da fuskarsa ta canza.

Ya tambaye ni yaushe na gano. Da na iya cewa jiya. Na ce tun Larabar da ta wuce.

Ya dube ni, ya ƙirga kwanakin a ransa, na ga yana ƙirgawa. Ya tambaya ko zan bar masa wayar zuwa yamma. Na bar masa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Mun bi takardar gwajin daga sama har ƙasa, waya biyar, har da ta Hamdiya da muka sa ta gwada daga Karofane tana faɗa mana abin da take gani. Na kira Jika da kaina. Na ba shi adireshin shagon ɓoye na ce ya yi komand na gwaji. Saƙon ya shigo da lambarsa goma cif. Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, dama ya san ba daga wajensa ba ne. Wannan ma sai da ta soke ni.

Asabar, 24 ga Mayu

An sa sabon fasalin a shagon gaske, da safe, lokacin da masu saye ba su da yawa, kile na kusa da hannuna. Ba a buƙace ta ba.

A taro Hajiya ta yi ta yabon ɗanta, ta ce dubi abin da ilimi ke yi, yanzu har 'yan Abijan na iya saye. Shafi'i ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi. Na ce 'yan Abijan kuskurena ne ya tare su tun farko, shi ya gano. Tabawa ta kalli ƙasa. Hajiya ta ce to, Allah ya kyauta, ta wuce zuwa maganar rini.

Ba wadda ta ambaci sati biyun gwajin. Da ya ce ba don Yaya Zuhura ba da maɓallin saye bai yi aiki ba, hayaniyar rini ta riga ta rufe muryarsa. Haka dai.

Laraba, 28 ga Mayu

Huɗu daga tabarmin Inna Cima sun tafi, uku Abijan. Na aika mata saƙo ta wurin direban motar Keita mai bi ta Tamaske. Ban iya kiranta ba tukuna.

Har yanzu launin ruwan ƙasan da ya sa wa shagon bai yi mini ba, kuma Hajiya ba ta ce mini sannu ba, ba kuma za ta ce ba. Shafi'i ya zo da maganar a ƙara wurin faya-fayai da kwanduna kafin Salla, yana ta sauri kamar kullum. Na ce a bari sai bayan Salla, kuma a shagon ɓoye tukuna, mu gwada mu gani.

"Mu" na ce. Bakina ne ya suɓuce. Zai zo Litinin ta bayan Salla, na ce ya taho da cazarsa, tawa ba ta shiga wayarsa.